Gwanayen Baƙin Allo

Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai kula da manyan kwamfutoci, ko ɗalibin da ke koyon rubuta manhaja, ya san baƙar tagar nan da babu hoto a cikinta, babu wurin dannawa, sai haruffa tsagwaro. Ita ake kira taminal. Mutum ya rubuta umarni, kwamfuta ta mayar masa da amsa, layi na bin layi har ƙasa. Amma wani lokacin sai ka ga allon ya motsa kamar mai rai. Ana sauke fayil, lamba tana hawa daga kashi 12 zuwa 13 zuwa 14 a wuri guda, ba tare da an sauka sabon layi ba. A buɗe manhajar htop, wadda Hisham Muhammad ɗan ƙasar Birazil ya fara fitarwa a 2004, sai ga sanduna masu launi a sama suna miƙewa suna gajarcewa gwargwadon nauyin da ke kan kwamfutar. A shiga manhajar vim a gyara rubutu a fito, sai allon ya koma daidai yadda aka bar shi, kamar ba a taɓa shi ba.

Duk wannan aikin hannun wasu gwanaye ne da ba kasafai ake yaba musu ba. Abin da ya sa nake ganin girmansu shi ne ƙarancin abin da aka ba su su yi aiki da shi. Tsakanin manhaja da taminal hanya ɗaya ce tak, siririya, wadda haruffa ke bi ɗaya bayan ɗaya. Rubutu ta nan yake bi, umarnin motsi ta nan, launi ma ta nan. Sannan manhajar ba ta ganin allon. Aikawa kawai take yi. Dole mai rubuta ta ya riƙe hoton allon gaba ɗaya a cikin lissafinsa: me ke kan kowane layi, ina manunin rubutu yake a yanzu, wane launi ne a kunne. Da ya yi kuskuren gurbi ɗaya, duk abin da ya biyo baya ya karkace.

Gadon takarda

Kafin a sami allo, takarda ake amfani da ita. A shekarun 1960 hira da kwamfuta akan yi ta ne da na'ura mai kama da tafireta, kuma wadda ta fi shahara ita ce Teletype Model 33 da ta fito a 1963. Harafi 10 take bugawa a daƙiƙa, manyan baƙaƙe zalla, a kan naɗin takarda. Da irinta Ken Thompson da Dennis Ritchie suka yi aiki a farkon tarihin Unix a ɗakunan bincike na Bell a Amurka.

Irin waɗannan na'urori suna da 'yan alamomin da ba a bugawa, aiki kawai suke sa su yi. A tsarin ASCII, wanda ya ba kowane harafi lamba, lamba 13 na mayar da kan bugawa farkon layi, lamba 10 na tura takarda sama da layi ɗaya, lamba 8 na komawa baya da gurbi guda, lamba 7 kuma na kaɗa ƙararrawa ta gaske da ke cikin injin. Waɗannan alamomi suna nan har gobe, kuma da su ake yin dabara ta farko da kowane mai koyo ke fara sani. Lambar nan da ke hawa a wuri guda, sirrinta lamba 13 ce ba tare da 10 ba. Manhaja ta rubuta "kashi 12", ta koma farkon layin ba ta sauka ba, ta rubuta "kashi 13" a kan na da. A kan takarda tawada za ta cakuɗe. A kan allo sabon harafi na maye gurbin tsoho. Ido sai ya ga lamba tana tafiya.

Ko a nan akwai inda ake gane gwani. Idan sabon rubutun ya fi na baya gajarta, wutsiyar tsohon za ta tsaya a gefe tana leƙe. Wanda ya san aikinsa yakan share ragowar layin duk lokacin da ya sake rubutu.

Harafi na 27

Da allo ya maye gurbin takarda a shekarun 1970, sai aka sami damar da ba a da ita a da: ana iya komawa sama, ana iya sharewa, ana iya tsallakawa ko'ina. Yawancin allunan layi 24 gare su, kowane layi gurbi 80, kuma 80 ɗin nan an gaje ta ne daga katin kwamfuta mai huji na kamfanin IBM. Tambayar ita ce yadda za a gaya wa allo ya motsa manuni alhali hanyar haruffa kaɗai ake da ita.

Amsar tana cikin lamba 27 ta ASCII, wato ESC, wadda injiniya Bob Bemer ya yi ƙoƙarin ganin an sa ta a tsarin. Ma'anarta ga na'ura ita ce: abin da ke biye da ni kada ki nuna shi, ki aikata shi. Matsalar da ta taso ita ce kowane kamfani da nasa salon. Abin da ke share allon na'urar wannan kamfani, shara kawai yake watsawa a ta wancan. Hukumar ECMA a Turai ta fitar da ƙa'ida mai lamba 48 a 1976, hukumar ANSI ta Amurka ta biyo da tata a 1979, kuma a tsakaninsu, a 1978, kamfanin DEC ya fito da VT100, ɗaya daga cikin na'urorin farko da suka bi wannan ƙa'ida. Ta karɓu sosai, har ta zama ma'aunin da ake gwada saura da shi. Tagar taminal da ke kan kwamfutar zamanin nan manhaja ce da ke kwaikwayon VT100 da ƙannenta.

Tsarin jimlar gajere ne, kuma da kyau. Ana fara ta da ESC, sai alamar [, sai lambobi idan akwai, sai harafi ɗaya da ke faɗin aikin. ESC[2J na share allo duka. ESC[H na kai manuni kusurwar sama ta hagu. ESC[5;10H na kai shi layi na 5, gurbi na 10. ESC[3A na hawa layi uku, B na sauka, C na zuwa dama, D na zuwa hagu. ESC[K na share daga inda manuni yake zuwa ƙarshen layi. ESC[?25l na ɓoye manuni, ESC[?25h na dawo da shi. Har tambaya ana iya yi: idan manhaja ta aika ESC[6n, taminal za ta amsa da layi da gurbin da manuni yake, kuma amsar na shigowa ne ta hanyar madannai kamar mutum ne ya buga ta. Da wannan ake yin wata dabara mai daɗin ji: a umarci manuni ya tafi layi na 999 gurbi na 999, ya tsaya a iyakar da allon ya ƙare, sannan a tambaye shi inda yake. Amsar ita ce girman allon.

Wanda ya taɓa kallon mai ɗinkin hula yana ƙirga zare kafin ya soka allura zai gane yanayin aikin. Fili ne mai gurabe a jere, kowane gurbi abu ɗaya yake ɗauka, kuma kyan zanen daga daidaiton ƙirga yake fitowa.

Tattalin harafi

Inda wannan gwaninta ta kai ƙololuwarta shi ne tattali. Allo mai layi 24 da gurbi 80 na ɗauke da harafi 1,920. A layin tarho mai ɗaukar harafi 30 a daƙiƙa, irin wanda mutane da yawa ke haɗawa da shi daga gida a wancan zamani, sake zana allon duka na cin daƙiƙa 64. Ka yi tunanin mai gyara rubutu ya goge kalma ɗaya, sannan ya zauna fiye da minti guda yana jiran allo ya daidaita. A cikin wannan ƙunci ne Bill Joy, yana ɗalibi a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, ya rubuta manhajar gyara rubutu mai suna vi a 1976. Shi ya sa umarninta gajeru ne ƙwarai. Haruffan h, j, k da l da ake yawo da su a cikinta kuwa, a kan madannan na'urar ADM-3A da yake aiki da ita an zana kibiyoyi ne a kan waɗannan haruffa huɗu.

Don vi ta yi aiki a kan na'urori iri-iri, Joy ya tsara wani kundi mai suna termcap, inda aka rubuta halin kowace na'ura: yadda take share allo, yadda take motsa manuni, har da ɗan jinkirin da wasu ke buƙata kafin a sake aika musu wani abu. Manhaja ta duba sunan na'urar, ta buɗe kundin, ta yi mata magana da harshenta. Daga baya terminfo ya gaje shi, kuma shi ne ke cikin kusan kowace kwamfuta mai Linux ko macOS a yau.

A wannan jami'a dai Ken Arnold ya ɗauki dabarun ya tattara su a ƙunshin kayan aiki mai suna curses, don kowa ya amfana. Tunanin da ke ciki ya cancanci a tsaya a kansa. Ƙunshin na riƙe da hotuna biyu na allon a ƙwaƙwalwar kwamfuta: ɗaya yadda allon yake yanzu, ɗaya yadda manhaja ke son ya zama. Mai rubuta manhaja ya yi ta zanensa a kan na biyun yadda ya ga dama, ba a aika komai ba. Sai ya ce a sabunta, sannan a gwada hotunan biyu gurbi da gurbi, a aika bambancin kaɗai. Idan harafi uku ne suka sauya cikin 1,920, su ukun za a aika.

Bai tsaya nan ba. Motsa manuni ma yana da farashi, kuma ana auna shi. Tsallakawa kai tsaye zuwa layi na 12 gurbi na 40, wato ESC[12;40H, harafi 8 ne. Idan manuni na kan layin, gurbi biyu kawai ya rage, ESC[2C harafi 4 ne. Amma akwai hanyar da ta fi wannan araha: a sake rubuta haruffa biyun da ke wurin tun da farko. Allon bai sauya ba, manuni ya isa, an kashe harafi 2 kacal. A kowane motsi sai an lissafa hanyoyin an zaɓi mafi sauƙi. Wannan natsuwa wajen ƙirga abin da wani zai ce bai taka kara ya karya ba, ita ta sa aka iya buga wasan Rogue a 1980, inda ɗan wasa alamar @ ce da ke yawo cikin ɗakunan da aka zana da haruffa. Zuriyar wannan ƙunshi, ncurses, ta fito a 1993, kuma Thomas Dickey ya shafe shekaru masu yawa yana kula da ita tare da tagar xterm.

Yau layuka sun yi sauri, amma darasin bai tsufa ba. Wanda ya shiga wata uwar garke da ke Turai daga nesa alhali intanet ɗinsa na jan ƙafa, nan take zai bambanta manhajar da ke tattali da wadda ke watsa komai. Haka kuma allon da ke ƙyaftawa yana gajiyar da ido: yawanci alama ce ta cewa ana share shi duka kafin a sake zanawa. Gwani kan rubuta sabo a kan tsoho, ya share ragowa kaɗai, ya tara komai ya aika a tashi ɗaya.

Kwalliyar da ta biya kuɗin sabulu

Umarnin ado yana ƙarewa ne da harafin m. ESC[1m na kaurara rubutu, 4 na ja masa layi a ƙasa, 7 na musanya launin harafi da na bayansa, 0 kuma na kashe komai a koma yadda ake. Lambobi 30 zuwa 37 launin harafi ne, 40 zuwa 47 na bayansa: 31 ja, 32 kore, 33 ruwan ɗorawa, 34 shuɗi. Daga launi takwas aka kai 16, sannan 256, inda 216 ke fitowa daga gauraya mataki shida-shida na ja da kore da shuɗi, 24 kuma matakan ruwan toka ne. A yau tagogi da yawa na karɓar launi sama da miliyan 16.

Sanin lambobin abu ne na yini guda. Sanin inda ya dace a sa su shi ne aikin. Dubi yadda manhajar git ke nuna gyaran da aka yi wa fayil: layin da aka cire ja ne, wanda aka ƙara kore, amma kowanne na ɗauke da alamar ragi ko ta ƙari a farkonsa. Saboda haka mutumin da idonsa ba ya bambanta ja da kore bai rasa komai ba. Launin taimako ne ga ma'anar da ta riga ta tsaya da ƙafarta. Gwani ya kuma san cewa idan ya nemi 33 bai san takamaiman abin da zai bayyana ba, domin kowa na iya sauya launukan tagarsa, kuma ruwan ɗorawa da ke haskawa a baƙin allo na iya ɓacewa a fari.

Akwai kuma ladabin tambaya kafin a yi ado. Ba kullum ne amsar manhaja ke zuwa ga idon mutum ba; wani lokacin fayil ake zuba ta, ko a miƙa ta ga wata manhajar. A can, alamomin ESC datti ne da ke lalata bincike da lissafi. Don haka manhaja mai tarbiyya kan fara tambayar tsarin kwamfuta ko taminal ce a gabanta, kuma abin da manhajojin ls da grep ke yi ke nan idan aka bar musu zaɓi. A 2017 aka fito da wata al'ada mai sauƙi: duk wanda ba ya son launi ya saita NO_COLOR a kwamfutarsa, manhajojin da suka amince kuma su daina.

Harafi mai ƙugiya

A nan maganar ta shafe mu kai tsaye. A zamanin VT100 harafi ɗaya bayit ɗaya ne (ma'aunin da kwamfuta ke ƙirga bayanai da shi), gurbi ɗaya. A tsarin UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992, lissafin ya sauya. Haruffanmu masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, da ƴ da ake rubutawa a Nijar, kowanne bayit biyu ne, amma gurbi ɗaya yake ci a allo. Kalmar "ƙofa" bayit biyar ce, gurbi huɗu. Manhajar da ke ƙirga bayit don jera teburi za ta karkatar da duk layin da ke da sunan Ɗanladi ko garin Ƙaura. A ɗaya ɓangaren, haruffan Sinanci da na Jafananci da yawancin 'yan hotunan emoji gurbi biyu suke ci, alamar karin sauti da ake ɗorawa kan wasali kuwa ba ta cin ko ɗaya. Wanda ya ƙware yana rarrabe abu uku: yawan bayit, yawan haruffa, da faɗin da za su ci a allo. Idan ka ga teburi ya tsaya cak da sunayen Hausa a ciki, to wani ne ya damu da wannan bambanci, ko da bai taɓa jin Hausa ba.

Iya ruwa fidda kai

A yadda ta saba, taminal kan riƙe abin da mutum ke bugawa har sai ya danna Enter, tana kuma nuna masa kowane harafi. Manhaja irin vim ba za ta iya aiki a haka ba; tana buƙatar jin kowane dannawa nan take. Sai ta roƙi a ɗage waɗannan hidimomi, ta karɓi ragamar komai. Daga nan wahalhalu ke biyowa. Madannin kibiyar sama, alal misali, ESC[A yake aikawa. To idan ESC ta iso, mutum ne ya danna madannin ESC shi kaɗai, ko farkon kibiya ce? Babu yadda za a sani sai an ɗan jira a ga ko wani abu na biye. Jiran ya yi tsawo, mai aiki ya ji nauyi. Ya yi gajarta, layi mai jinkiri ya raba kibiya biyu. Idan kuma mutum ya ja gefen tagarsa ya sauya girmanta, tsarin kwamfuta na aiko da sanarwa, dole manhaja ta sake aunawa ta sake zane.

Mafi girman alamar gwani ita ce fitarsa. Duk abin da ya ara sai ya mayar: manunin da ya ɓoye, launin da ya kunna, nuna haruffan da ya kashe. Akwai allo na biyu da ake shiga da ESC[?1049h a fita da ESC[?1049l, kuma shi ya sa manhajoji irin vim da less ke yin aikinsu ba tare da sun shafe abin da mutum ke karantawa a baya ba. Mayarwar nan wajibi ce ko ta wace ƙofa aka fita: ko aiki ya ƙare lafiya, ko an katse shi da Ctrl-C, ko manhajar ta faɗi. Wanda ya yi sakaci zai bar mutum da allon da yake bugawa ba ya ganin abin da ya buga, sai ya rubuta reset a makance kafin abubuwa su daidaita. Wannan ɓangaren aikin babu mai ganinsa idan an yi shi daidai, kuma gwanayen sun san haka, amma suna yi.

Ƙa'idar da aka rubuta a 1976 ta ga yaɗuwar linzamin kwamfuta, da intanet, da wayar hannu, tana nan daram. Hatta kamfanin Microsoft, wanda tagar umarninsa ta daɗe tana bin tata hanyar, ya koyar da ita wannan harshe a Windows 10, sannan ya fitar da Windows Terminal a 2020. Da tsohuwar zuma ake magani. Kuma ƙofar koyon a buɗe take ga duk mai waya ƙirar Android: ya sa manhajar Termux, ya rubuta printf '\033[31mSannu\033[0m\n', inda 033 ke nufin ESC, zai ga gaisuwarsa da jan launi. Ya cire ɓangaren da ke ɗauke da 0m ya sake gwadawa, zai ga jan ya bi duk abin da ya biyo baya har sai wani abu ya kashe shi, kuma daga nan ya fahimci dalilin mayar da aro. Matakin gaba shi ne ya yi lambar da ke hawa a wuri guda, sannan teburin da ba ya karkacewa da ƙ da ɗ. Matashin da ya iya waɗannan ukun ya riga ya koyi ƙirga daidai, da tattali, da kula da wanda zai yi amfani da abin da ya gina, kuma waɗannan halaye za su bi shi zuwa kowace irin manhaja da zai rubuta nan gaba.